'Yata Ta Duƙufa Kan Finafinan 'Yan Matan Sakandare Masu Ban Tsoro

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 15 ta duƙufa kan wasu finafinan Amurka da ke nuna 'yan matan sakandare sun kasu gungu-gungu suna cin zalin juna, har abin ya kai ga kisa, kuma wani lokaci sai in ji tana dariya a wurin da ni jikina ke yin sanyi. Mene ne a cikinsu, kuma in hana ta kallo ne? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Waɗannan finafinai sun daɗe, kuma kusan dukkansu a kan tsoro guda aka gina su, wato tsoron da yarinya ke yi na a mayar da ita saniyar ware a tsakanin sa'o'inta.

Wanda ya buɗe wannan hanya shi ne Carrie na 1976, wanda Brian De Palma ya shirya daga littafin Stephen King na 1974. Yarinya ce mai kunya wadda ta fara ganin al'adarta a banɗakin makaranta ba tare da an taɓa yi mata bayani ba, ta firgita, 'yan ajinsu kuma suka taru suna yi mata ihu. Daga baya aka zaɓe ta sarauniyar bikin rawa na ƙarshen shekara don kawai a kwara mata bokitin jinin alade a bainar jama'a, ita kuwa ta rama da wani iko da take da shi na motsa abubuwa da tunaninta, har zauren ya kama da wuta. A ganina, wurin da ya fi tsaya wa mai kallo a rai shi ne dariyar banɗakin nan, domin gobarar ƙirƙira ce, amma wulaƙancin yana faruwa a kowace makaranta.

Dariyar da kike ji kuwa ta fito ne daga reshe na biyu, wato barkwanci mai ɗaci, inda ake ɗaukar mummunan abu a zuzuta shi har munafuncin mutane ya fito fili. A Heathers, wanda aka nuna a sinimomin Amurka a 1989, 'yan mata uku masu suna ɗaya ne ke mulkin makaranta, sai saurayin ta huɗunsu ya jawo ta cikin kisan shugabar gungun, suka shirya abin kamar ita ta kashe kanta. Nan take waɗanda suka tsane ta tana raye suka shiga yabonta, kuma ba a daɗe ba wata daga cikin ƙawayenta ta ɗaura jan abin ɗaure gashin marigayiyar ta ci gaba da mulkin. Munafuncin ake yi wa dariya, kuma yarinyar da ta san yadda ake gaisawa da fara'a a yi gulma a bayan ido takan gane shi kafin babba ya gane.

Game da hani, akwai abin da ya kamata ki sani. Duka biyun a Amurka an sa su a rukunin R, wato ba a barin wanda bai kai shekara 17 ba ya shiga sinima ya kalla sai tare da iyaye ko babban da ke kula da shi, saboda zubar da jini, batsa da munanan kalamai. Don haka kina da hujjar tace abin da take kallo, musamman duk wanda ya yi wasa da batun kashe kai, idan kin lura tana yawan kaɗaita ko ƙuncin rai. Sai dai hani kaɗai zai iya sa ta koma kallo a ɓoye a waya, ke kuma ki rasa hanyar jin abin da ke ranta.

Shawarata ita ce ki fara kallon fim ɗin ke kaɗai, idan kin ga za ta iya ɗauka sai ku zauna tare, bayan an gama ki tambaye ta cikin raha wace ce a ajinsu ta yi kama da wadda ake tsangwama, wace ce kuma shugabar gungun. Ki saurari amsarta da kyau ba tare da faɗa ba, kuma ki shirya wa yiwuwar cewa 'yarki tana cikin masu dariyar ne. Idan kuwa ita ake yi wa, ki sami malamar ajinsu tun abin bai yi nisa ba.