Kada a yaɓe majami'ar ƙasa da siminti

Tambaya: Ranka ya daɗe, majami'armu ta Angilikan ginin ƙasa ce tun zamanin mishan. Bana bangon gabas ya tsage, wani birkila ya ce a yaɓe ta da siminti kowa ya huta. Kwamitin ikilisiya ya amince, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Da gaskiyarka, Malam. Ka kai 'yan kwamitin nan Wusasa su ga tsohuwar majami'ar Saint Bartholomew, wadda aka gina a 1929 da mishan ɗin CMS, na cocin Angilikan, ya tashi daga cikin birnin Zariya, inda Dakta Miller, likitan mishan ɗin, ya zauna tun 1905. Tubali ne da azara, baka, wato ginshiƙi mai lanƙwasa, na ɗauke da rufin, irin fasahar da shahararren magini Babban Gwani ya nuna a masallacin Juma'ar Zariya. Ta doshi shekara 100 tana tsaye.

Maganar simintin nan ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Bangon ƙasa yana shan danshi daga tushe, ya fitar da shi idan rana ta buga. Siminti ba ya miƙewa da tsukewa tare da ƙasa, don haka yakan yi 'yan tsagogi kamar gashi. Ruwa ya shige ta nan, ya rasa mafita. Tubali ya jiƙe ya zama taɓo, gara ta samu gida, bakin azara ya ruɓe, alhali daga waje bango sumul. Ƙwanƙwasa shi, za ka ji yana amo kamar tulun da ba komai. Ran da zai zube, a tsakiyar Agusta, ba ya sallama, kuma yana iya zama ranar Lahadi da yara a ciki. Birkilan ya riga ya karɓi kuɗinsa ya wuce.

Daga gabas hadari yake bugowa, shi ya sa wannan bango ya fara ciwo. Ku duba indararo, ya riƙa jefa ruwa nesa da gindin gini, a kuma cike kwarin da ruwa ke kwanciya. Ku shata ƙarshen tsagar da alli, ku rubuta kwanan wata. Idan ta ƙaru cikin mako biyu, ko tana kusa da ƙafar baka, a tokare, a daina zama a wannan sashe.

Gyaran kansa sai rani. A nemo maginin gargajiya, ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta kwanaki ta ruɓa, ya cike tsagar kaɗan-kaɗan tana bushewa, sannan a shafe da makuba.