Tambaya da Amsa: Me ya sa hotona ke fitowa dishi-dishi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen zane-zane. Aikina na ƙarshen zango bugun hoto ne da farantin ƙarfe da asid ya ci, kuma ina so in haɗa da yadi da takarda mai launi. Sau biyu ina gwadawa, hoton na fitowa dishi-dishi, wani wurin ma fari fat. Ina matsalar take? Ga shi kuma asid ɗin tsoro yake ba ni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tsoron nan naki yana kan hanya, za mu zo kansa. Amma yadin nan ki ɗan ajiye shi tukuna, sai farantin ya fara jin maganarki.

Ki tuna yadda abin yake. An shafe farantin jan ƙarfe ko tutiya da kaki, kin ja layi da allura, asid ya ci inda kika buɗe kaɗai. Tawada a cikin waɗannan ramuka take kwana, takarda ce za ta nutsa ta ɗebo ta. To, in hoto ya dushe, ko dai ramin bai yi zurfi ba, ko kin goge tawadar fiye da kima, ko injin bugawa bai matse ba, ko takardar ta bushe. Ni na fi zargin takardar. Busasshiyar takarda ba ta shiga rami. Ki jiƙa ta, ki tsane ta tsakanin tawul biyu har ƙyallin ruwan ya ɓace amma tana da sanyi a hannu. Lokacin hunturu kuwa kafin ki gama goge faranti ta bushe ƙayau, don haka ki ajiye ta cikin leda sai za ki buga.

Farin wurin nan labarinsa daban. Idan layuka suka matsu da juna, asid kan cinye bangon da ke tsakaninsu, su zama fili ɗaya mai faɗi, tsumma ya kwashe tawadar tas. Masu son baƙi mai kauri garin ƙaron da ake kira rosin suke barbaɗawa, su ɗumama farantin ya manne, asid ya ci tsakanin ƙwayoyin. Da wannan dabara mai zane Goya na Sifaniya ya samu duhun da ke cikin jerin hotunansa 80 na 1799.

Kafin ki taɓa babban faranti, ki yanki guntu ki ja layuka, ki sa shi a asid, ki riƙa rufe wani sashe da kaki bayan minti 5, 10, 20, 40. Zafi na ƙara wa ruwan kaifi, lokacin da ya yi miki da safe ba lallai ya yi da azahar ba.

Batun asid: ki bar naitirik, hayaƙinsa na cutar da huhu. Jan ƙarfe ki ba shi ferik kulorayid, irin wanda masu haɗa allon lantarki ke amfani da shi. Tutiya kuma kofa salfet giram 100, gishiri giram 100, ruwa lita 1. Safar hannu, tabarau, taga a buɗe. Kada ki zubar da ragowar a kwata, ki miƙa wa mai kula da ɗakin aikinku.

Sai haɗin takarda mai launi da yadi. Ki sami takarda marar kauri, ko wadda kika rina da shuni, ki shafa wa bayanta sitaci kaɗan, ki ɗora kan farantin da ya sha tawada, gefen sitacin yana kallon sama, sannan babbar takarda a kai. Matsa ɗaya, ta manne kuma zanen ya hau kanta. Yadi mai kauri kuwa ki liƙa shi a kwali, ki shafe da gam ya bushe, ya zama faranti na biyu. Maɓalli ko waya kada su shiga inji, bargon injin za su huda.

Farantan nan biyu da suka ba ki haushi, kada ki yar. Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatun zane a Zariya, asid ya taɓa lalata masa faranti a 1967. Ya cike ramukan da gam ɗin Araldite, ya buga, sai tudu da kwarin gam ɗin suka fito a takarda, daga nan ya samo salon da aka san shi da shi. Ki sake buga naki da jiƙaƙƙiyar takarda, ki turo mini abin da ya fito.