Sabon katin hoto ya hana kwamfuta tashi

Ɗan'uwa, ka ce ka sa katin hoto RTX 3060 a tsohuwar kwamfutar ofis, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Kada ka yanke cewa katin ya mutu tukuna.

Fara duba wayar HDMI. Idan a jikin madabod (babban faifan da ake soka komai a cikin kwamfuta) ka soka ta, mayar da ita bakin katin, don yawancin injina suna kashe hoton ciki da zarar an sa kati.

Amma ni wuta na fi zargi. Ramin PCIe, wato inda ake soka katin a madabod, wat 75 kawai yake bayarwa, wannan katin kuwa yana jan kusan 170, shi ya sa yake da soket mai fil 8 a samansa. Ka soka masa waya kuwa? Nvidia, kamfanin da ya ƙirƙiro shi, ta ce a haɗa shi da akwatin wuta (power supply na cikin kwamfuta) mai wat 550, alhali na injinan ofis da yawa bai wuce 300 ba. Karanta takardar da ke manne a gefen naka. Idan ƙarami ne, don Allah kada ka yi dabarar jona waya daga SATA (wayar da ke ba hard disk wuta), tana zafi har ta narke. Canja akwatin, amma ka duba bakin wayarsa kafin ka biya, wasu injinan ofis nasu daban ne.

In wuta ta isa, cire filogi, zare katin ka sake danna shi har maƙalin ya ce ƙas. Danna RAM (sandunan memori da ke kan madabod) ma, hannu kan goce shi wurin aiki. Ya ƙi? Cire sabon katin, ka mayar da tsohon in akwai, sabunta BIOS (manhajar madabod da ke tayar da kwamfuta), cire ɗan batirin madabod CR2032 na minti biyar, sannan ka sake gwada sabon.