Zauren Tambayoyi: Windows ta ɓace min bayan na sa Ubuntu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Na sa Ubuntu, wata babbar manhaja irin Windows, a gefen Windows a laftof ɗina saboda karatu, to tun daga ranar in na kunna sai kawai ta zarce Ubuntu ko zaɓi ba ta ba ni, ga shi duk ayyukana suna cikin Windows ɗin. Gogewa ta yi ne? In kuma tana nan ya zan yi ta riƙa fitowa? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan uwa, in dai lokacin sakawa ba ka zaɓi a share faifan gaba ɗaya ba, to Windows ɗinka tana nan daram. Buɗe manhajar Disks ka duba, in ka ga wani babban yanki an rubuta NTFS a jikinsa to ita ce.

Abin da ke faruwa shi ne, kafin kowace babbar manhaja ta tashi akwai wata ƴar ƙarama da ke fara farkawa, ita ke nuna wa kwamfuta inda za ta nufa, kamar dai mai gadin ƙofa. A Ubuntu sunanta GRUB. Ita kuma akwai abin da ke leƙa mata faifai ya gano ko akwai wata manhajar a ciki, sunansa os-prober, to tun daga GRUB 2.06 da ya fito a 2021 aka bar shi a kashe saboda tsaro, shi ya sa mutane da yawa ke shiga irin halin da ka shiga.

Buɗe Terminal, wato wurin rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta sudo nano /etc/default/grub domin buɗe fayil ɗin saitin GRUB. Amma kafin ka taɓa komai kwafi fayil ɗin ka ajiye a gefe, wannan kam kar ka yi wasa da shi. A ƙasa ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false. Sai ka nemi GRUB_TIMEOUT_STYLE, in ka ga hidden a gabansa mayar da shi menu, sannan GRUB_TIMEOUT ka sa masa 10, wato za ta jira ka daƙiƙa 10 kenan. Danna Ctrl da O ka buga Enter ya adana, Ctrl da X ka fita. Daga nan sai sudo update-grub, kuma nan ne fa yawancin mutane ke mantawa, su gama gyara tsaf su sake kunnawa su ga babu abin da ya canza su ce ai bai yi ba. Ka zuba ido a kan abin da yake rubutowa, in sunan Windows Boot Manager ya fito to shikenan an gano ta.

In bai fito ba, galibi tsakanin Windows da Ubuntu an sa ɗaya a sabon tsarin tayar da kwamfuta mai suna UEFI ne ɗayar kuma a tsohon tsarin BIOS, su kuma ba sa ganin juna. Duba ko akwai folda /sys/firmware/efi, in babu to Ubuntu a tsohon tsari take, mafita ita ce a sake saka ta a irin tsarin da Windows take.

Batun wacce za ta fara tashi kuwa, layin GRUB_DEFAULT ne a cikin wancan fayil ɗin na /etc/default/grub, kuma ƙirgarsa daga 0 take farawa ba daga 1 ba. Ni dai ban cika son lamba ba gaskiya, domin jerin kan sauya bayan sabuntawa sai ka ga lambar ta faɗa kan wani abu daban. Gara ka sa GRUB_DEFAULT=saved ka ƙara GRUB_SAVEDEFAULT=true a ƙarƙashinsa ka sake yin sudo update-grub, duk wacce ka shiga ƙarshe ita za ta riƙa tasowa.

Za ka ga wasu na cewa a gyara /boot/grub/grub.cfg kai tsaye. Kar ka biye musu, duk sanda aka sabunta kanel, wato zuciyar Ubuntu, ana sake rubuta fayil ɗin daga farko, wahalarka ta tafi a banza.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni tawa akasin haka ce, Windows ta yi sabuntawa sai jerin zaɓin ya ɓace, yanzu ita kaɗai ke tashi. Daga wata ƴar uwa.

AMSA: Barka kadai Malama. Yawanci GRUB bai lalace ba, Windows ce ta tura kanta gaban layi. Da kin kunna ki riƙa danna maɓallin zaɓen tashi, F12 a Dell da yawancin Lenovo, F9 a HP, sai ki zaɓi ubuntu. In kina so ya zauna haka, shiga saitin UEFI wajen jerin tashi ki dawo da ubuntu sama ki adana. Sai in sunan babu shi kwata-kwata a wurin ne za ki tashi kwamfutar da filashin da aka saka Ubuntu da shi, ki sauko da manhajar Boot-Repair ta sake dasa miki GRUB.