Amsa ga ɗan uwa mai son canja tsohuwar Hilux ɗinsa ta gas

Assalamu alaikum ɗan uwa. Tun da safe na ga tambayarka, sai yanzu bayan Isha'i na samu zama. Ka ce kana da Hilux ta 2010 mai shan gas, injin 2.5, ta ci kilomita 320,000, da ita kake ɗauko kaya daga Dawanau kuma da ita kake shiga gona wajen Bunkure, yanzu wani dillali ya kawo maka ta 2017 ya ce ka ba da taka ka yi ciko, kana tambaya ko ka karɓa. Toh ni wannan hanyar na taɓa bin ta, kuma na ji a jikina, shi ya sa na ce bari in tsaya in rubuta maka a tsanake.

Tawa ta farko 'yar 2008 ce mai injin 5L, wanda ba shi da tobo, shekara tara muna tare. Ba ta da gudu, wannan gaskiya ne, in ka yi mata lodin buhun masara kana son wuce tirela a hanyar Zariya sai ka yi lissafi tun daga nesa, ga ƙara kamar injin markaɗe, amma wallahi a shekara taran nan ban taɓa kwana a daji saboda ita ba. Baƙin mai, filta, birki, sifirin ɗin baya sau biyu, kulochi sau ɗaya, shi kenan. Sai na fara ganin sabon yayin nan da Toyota ta fito da shi a 2015 yana yawa a gari, abokan harka kowa ya hau, raina ya biya, a 2021 na ba da ita na yi ciko mai nauyi na karɓi 'yar 2016 mai injin 2.4 wadda aka shigo da ita daga Turai.

Ba zan ɓoye maka alherinta ba. Giya shida ce, ta fi tsohuwar ƙarfi nesa ba kusa ba, cikinta shiru, sanyin AC kamar kana ofis, in na je Abuja na dawo bayana ba ya ciwo, kuma gas ɗin da take sha bai kai na tsohuwar ba duk da ƙarfin nan. Wata takwas ina jin daɗinta.

Ranar da abin ya faru ina dawowa ne daga kasuwar Maigatari da yamma, allura ta yi ƙasa, gidajen man da na tsaya ba gas, sai na sayi jarka ɗaya a wajen 'yan bumburutu a bakin hanya, abin da na saba yi da tsohuwar sau ba adadi ba tare da ta ko yi tari ba. Ban yi nisa ba fitilar filta ta kama a dashbod, na ce bari dai in ƙarasa gida. Washegari da asuba na yi ta murɗa mukulli da ƙyar ta tashi, ga farin hayaƙi ga wani ƙwanƙwasa a inji. Da muka ja ta gareji bakanikena ya kwance filtar ya juye abin da ke ciki a wata gorar ruwa ta roba, ya ɗaga ta saitin rana ya ce Alhaji duba, ruwa ne kwance a ƙasa kusan yatsa biyu, gas yana yawo a sama, ya miƙo min na shinshina sai warin kananzir. Nozil huɗu masu fesa gas a cikin inji duk sun tafi, famfon gas ɗin ma ya taɓu. Na fara sayo na hannu biyu suka ƙi aiki, sai da aka yi odar wasu daga Legas, bayan an ɗaura kuma sai an nemo mai kwamfuta ya shigar wa motar da lambar kowane nozil, don haka tsarinsu yake. Sati bakwai motar tana ajiye a gindin bishiyar darbejiya ƙura ta rufe gilas, kuma lokacin kaka ne, ina ji ina gani nake hayar akori-kura tana kwaso min shinkafa daga Kura.

Dalilin da abin yake haka shi ne injinan yanzu da matsanancin ƙarfi suke fesa gas, wajen bar 2,000 ake magana, ta ƙofofi 'yan mitsi-mitsi masu kusan kaurin gashin kai, kuma gas ɗin da kansa shi ne yake zama maiƙon da ke hana famfo da nozil cin juna, to ka ga in ruwa ko kananzir ya shiga ƙarfe ne zai riƙa gugar ƙarfe. A nan sai in yi maka adalci, taka D-4D ce, ita ma wannan tsarin ne da ita, ba 5L ba ce mai cinye duk abin da aka ba ta. Bambancin shi ne injin taka, wato 2KD, ya kusa shekara ashirin a hannun kanikawan Kano, sun san shi ciki da bai, in ka shiga Ƙofar Ruwa za ka samu kayansa tun daga tobo har kan inji, har ka zaɓa ka yi ciniki, shi kuwa sabon injin GD irin na tawa ta yanzu masu iya shi da gaske ba su da yawa, kuma kayansa da dala ake lissafa maka.

Sai matsala ta biyu wadda dillali ba zai taɓa faɗa maka ba, ƙila shi ma bai sani ba. Waɗanda aka ƙera don Turai suna da wata matata a cikin salansa da ake kira DPF, tana tare baƙin hayaƙi, kuma ba ta wanke kanta sai motar ta yi doguwar tafiya inji ya yi zafi sosai ya ƙone dauɗar hayaƙin da ta tara. Wasu ma har da wani ruwa AdBlue da ake zuba musu a tanki daban. To mutumin da yawancin zirga-zirgarsa daga Singa zuwa Kwari ne zuwa Sabon Gari a cikin gosulo, yaushe za ta samu wannan zafin? Tawa sau uku tana toshewa, in ta toshe kuwa motar sai ta rage ƙarfi da kanta, ka taka totur har ƙasa ta ƙi tafiya. Kuma baƙin mai na musamman take so, ba kowanne za ka juye mata ba. Waɗanda aka ƙera don Afirka ko ƙasashen Larabawa da yawansu ba su da wannan jidalin, don haka tambaya ta farko da za ka yi wa dillalin ita ce daga wace ƙasa motar ta fito, kuma kar ka yarda da baki, a ɗaga ta a leƙa ƙasa.

Yanzu maganar kuɗi. Lokacin da na yi nawa canjin, dala ba ta kai inda take ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, komai na mota ya bi ta, shi ma gas ɗin tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi bai koma inda muka san shi ba. Wannan yana nufin cikon da za a nema a wajenka ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma a harkar hatsi kai ma ka sani kuɗin da ke hannunka lokacin kaka shi ne yake haihuwa, in ka zuba shi a mota ya kwanta kenan.

Abin da nake ba ka shawara, kafin ka sake zama da dillalin nan ka ba tsohuwar yini ɗaya a gareji wajen wanda ka yarda da shi. A auna kwamfireshan, wato ƙarfin matsa iska, na silinda huɗun. A tayar da ita a buɗe murfin baƙin mai a gani ko tana busa hayaƙi ta nan. Ka tuna tsakanin sabis da sabis lita nawa kake ƙara mata, kuma in ka yi lodi a zafin Afrilu allurar zafi tana motsawa ko tana nan a tsakiya. Bel ɗin taimin na wannan injin duk kilomita 150,000 ake canja shi, ka ga a inda take ya kamata a ce an yi na biyu, in ba a yi ba ka yi shi a satin nan ko da sayar da ita za ka yi, don in ya tsinke a kan hanya bawul ne za su lanƙwashe. A duba washa, wato zobban da ke ƙarƙashin nozil, in suna yoyo baƙin dauɗa yana gangarawa cikin baƙin mai ya toshe rariyar famfon mai, injinan KD da yawa ta nan suka mutu ba don tsufa ba. Sannan mafi girma, a shiga ƙarƙashinta da tocila a bi shasi tun daga gaba har baya, musamman inda sifirin yake kamawa, don mu masu lodin wuce kima nan ne yake fara tsagewa.

In inji ya nuna lafiya kuma shasi ba tsaga ba walda, ni dai a ganina ka riƙe abarka. Ka sa a yi maka lissafin duk abin da take buƙata, taya huɗu, shakazoba, lagireto, kulochi, gyaran AC, har fenti in kana so ta yi kyan gani, ka ajiye shi kusa da kuɗin ciko ka kalla, na tabbata ba za su yi kusa ba. Kilomita 320,000 a injin gas na Toyota da ake kula da shi ba abin tsoro ba ne.

Amma akwai inda zan ce ka canja ba tare da na yi jinkiri ba. In shasin ya tsage an yi walda ya sake tsagewa, rayuwarka da ta yaran motarka ta fi kuɗin. In kwanakin da take yi a gareji sun fara cin ranakun kasuwa. Ko kuma in kana neman ba da ita haya ga kamfanoni da ƙungiyoyin nan masu aiki a karkara, su kam sukan sa sharaɗin shekarar mota, tsohuwa ba ta shiga.

In ta kama sai an canja ɗin, kar ka yi musaya kai tsaye, mai karɓar taka zai karya mata farashi ya ɗaga na tasa, riba biyu kenan ban da la'ada. Ka sayar da taka da kanka, masu neman irin ta don ƙauye suna da yawa, sannan ka shiga kasuwa da kuɗinka a hannu. Ka kula da waɗanda ake canja wa fuska, a ɗauki 'yar 2016 a sa mata fitilu da bamba na 2021 a sayar maka a matsayin sabuwa, lambar shasi mai harafi da lamba 17 ita za ka sa a bincika, ta dace da ta jikin takardun kwastam. Ka kula da waɗanda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, wayoyinsu da birkinsu ba sa ƙarewa da matsala. Kilomitan da ke dashbod kuwa kar ka ɗauke shi a bakin komai, ana mayar da shi baya, ka duba cin fedal da sitiyari da kujerar direba. Kuma ka yi tunanin mai shan fetur ɗin nan 2.7, tana da yawa a hannun ma'aikatu da kamfanoni a ƙasar nan, ta fi shan mai kuma ba ta kai ta gas jan kaya ba, amma kowane bakanike a Kano zai gyara maka ita.

Ni yanzu tawa tana nan ina hawa, sai dai gidan mai biyu kawai nake shan gas a duk garin nan, na ƙara mata filta ta biyu mai raba ruwa, kuma in zan fita wajen gari da jarkata nake tafiya. Wanda ya sayi tsohuwata kuwa kwanaki na hange shi a Kwanar Dawaki ya yi mata lodin albasa har sama da kai, na daɗe a tsaye ina kallon ta har ta sha kwana. In an auna maka kwamfireshan ɗin ka rubuto lambobin huɗu da abin da aka gani a shasi, in sha Allahu zan duba in faɗa maka abin da na fahimta. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri.