Amsa ga mai son rubuta labarin mace mai bincike a Kadunar bayan yaƙi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kin karanta wani littafin Turawa na mace mai binciken kisan kai a Landan bayan yaƙin duniya, kina son rubuta naki da Hausa, a Kaduna bayan yaƙin basasa, amma kina tsoron masu karatu su ce ina aka taɓa ganin mace tana wannan aiki a lokacin. Tsoron naki yana kan hanya, amma akwai mafita, ni kuma a Tudun Wada na tashi a hannun matan da suka ga zamanin.

Za ki iya sanya mata kaki, don tun 1955 aka fara ɗaukar mata aikin ɗan sanda a Nijeriya. Sai dai a wancan lokacin yawanci harkar mata da ƙananan yara ake ba su, ba a damƙa musu binciken kisa. Ban da haka, ranar da 'yar sanda ta yi sallama a gidan matan aure, kowa zai kama bakinsa, ko ruwa aka ba ta da ɗari-ɗari za a ba ta. Shawarata ki mayar da ita dillaliya.

Gwaggona dillaliya ce, kuma har ta rasu ban ga wanda ya san sirrin unguwa kamarta ba. Gidan da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsa, sufeto sai dai ya tsaya a zaure ya aika yaro, ita kuwa har uwar ɗaka za ta wuce da ƙunshinta a ka. Ta san wadda ta fitar da tasoshin aurenta a ɓoye ta sayar, ta san wadda ta kasa zubin adashi wata uku sai ga shi ta biya gaba ɗaya rana guda, ta san zanen da aka ce ya ɓace a Unguwar Shanu ya ɓulla a jikin wata a Kakuri. Kayan sata na mata ta hannun dillalai suke bi, ko sun sani ko ba su sani ba. Ga 'yan mata masu talla da ke kai mata labari ba tare da sun san labari suke kaiwa ba, ga gidan suna, gidan biki, gidan makoki. Uwa uba, ki haɗa ta ƙawance da mai wankan gawa. Mu muna binne mamaci ranar da ya rasu, ba likitan da zai duba, don haka in akwai shatin hannu a wuyan wata baiwar Allah, matar da ta yi mata wanka ce kaɗai ta gani. Za ta faɗa ko za ta rufa asiri kamar yadda aka hore ta? Wannan kaɗai ya isa babi biyu.

Kada kuma ki ba ta ƙarfin da ba ta da shi. Ba ta kama kowa, ba ta tsare kowa. In ta gano gaskiya sai ta nemi namijin da zai kai maganar gaba, mai unguwa ko wani sajan da ke jin nauyinta. Kuma duk tambayar da ta yi, jarinta take sawa a caca, don da zarar an yi mata laƙabin 'yar tsegumi, ƙofofi za su rufe, abincinta ya ƙare. Irin wannan haɗarin ya fi bin ɓarawo da gudu tayar wa mai karatu hankali.

Sai batun yaƙin, wanda nan ne na fi ganin marubutanmu suna sakaci. Su ambaci shekara a shafin farko, daga nan labarin ya zama wanda zai iya faruwa jiya. In aka cire yaƙin laifin bai rushe ba, to ba labarin bayan yaƙi kika rubuta ba. An gama faɗa a watan Janairu 1970. Rundunar sojan Nijeriya da ba ta wuce mutum 10,000 sosai ba kafin yaƙi ta kai kusan 250,000, Kaduna kuwa garin bariki ne, ta cika da samarin da suka dawo wasu ba ƙafa, wasu ba barci. Bindigogi suka bazu a hannun mutane, har a shekarar gwamnatin Gowon ta kafa dokar harbe 'yan fashi da makami. Inyamuran da suka gudu a 1966 suka fara dawowa, wasu suka tarar maƙwabta sun riƙe musu amanar gida har da kuɗin haya, wasu suka tarar da wani a ciki yana cewa nasa ne. Ki duba sojan da aka aiko cewa ya mutu, matarsa ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta yi aure, an raba gado, wani ya karɓe haƙƙinsa, sai ga shi ya sauko daga jirgin ƙasa da jakarsa. Mutum nawa ne dawowarsa za ta tona wa asiri? Ni da ni ce, daga nan zan fara.

Ƙananan abubuwa su ke kunyata marubuci. A 1970 babu naira, sai a 1973 ta zo, don haka cinikinta da fam da sule da kwabo za ta yi. Motoci a hannun hagu suke tafiya har zuwa Afrilu 1972. Ba a kiran jihar Kaduna tukuna, Jihar Tsakiyar Arewa ce, Abba Kyari ne gwamnan soja, sunan bai canja ba sai 1976. Otal ɗin Durbar ba a gina shi ba, Hamdala ce ake ji da ita. Masaƙar Kakuri kuwa tun 1957 ta fara aiki, jiniyar tashin ma'aikata za ta iya zama agogon da mai shaida zai kafa hujja da shi.

Ki je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke nan Kaduna da kuma cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, ki nemi tsofaffin kofen jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ni tallace-tallace da labaran kotu da cigiya na fi amfana da su, don a nan ake ganin farashin kaya da irin rigimar da ke kai mutane gaban alƙali. Amma takarda ba za ta ba ki muryar matan ba. Wadda take budurwa a 1970 yau ta haura saba'in, ki gaggauta. In kin je wajensu ki riƙe goro ko turare, kada ki buɗe da tambayar yaƙi, za su ce sun manta. Tambaye su nawa aka sayi turmin atamfa lokacin aurensu, wa ya kawo musu har gida, sai ki yi shiru ki bar su su ci gaba.