Na gama bautar ƙasa, ta ina zan shiga harkar tsara manufofin ilimi?

Ƙanwata, kin ce burinki 'ya'yan talakawa su samu karatu daidai da na kowa, to wallahi ki fara da aji kafin ofis. Ki koyar ko shekara ɗaya ce a firamaren ƙauye, ki ga yara zaune a ƙasa ba benci, malami ɗaya yana fama da aji biyu, 'yan mata kuma ranar kasuwa sun tafi talla. Daga nan ki karanta dokar UBE ta 2004 (dokar ilimin bai-ɗaya a matakin farko) da kyau, don kuɗin da UBEC, hukumar tarayya mai kula da ilimin matakin farko, ke warewa, jiha ba ta taɓa su sai ta zuba nata kason, kuma nan ne abin ke maƙalewa. Ki iya karanta kasafin kuɗi, ki koyi manhajar lissafi ta Excel, sannan ki nemi shiga SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiharku, ko da sa-kai ne. Digiri na biyu zai jira ki. Allah ya taimaka.